Me ya sa wasannin ƙwallon kwando na ƙananan kwalejojin Amurka suke fita dishi-dishi a intanet?

"Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatu a wata ƙaramar kwaleji a gabashin Amurka, kuma yana buga musu ƙwallon kwando. Nakan tashi da tsakar dare a nan Kano in kalli wasanninsu a waya, amma abin yana ɗaure mini kai. Idan a gida suke wasa hoton yakan fito garau har da mai sharhi, idan suka je wata makarantar kuwa sai ya yi dishi-dishi, kyamara ta bar ƙwallo a baya, wani lokaci ma ba a nuna maki. Kwanan nan kuma aka nemi in biya kuɗi kafin in kalli wani wasan. Laifin sabis ɗina ne ko nasu? Idan na biya hoton zai gyaru? Kuma yaya zan riƙa bin wasannin ba tare da datata ta ƙare a banza ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ƙanen naka sa'ar karatu da ta wasa. Tambayarka ta ƙunshi abu uku: daga wane ɓangare matsalar hoton take tasowa, ko biyan kuɗi yana maganinta, da kuma yadda wanda yake nesa zai bi kakar wasa ba tare da ya yi asarar barci da data ba. Na yi shekaru ina aikin yaɗa wasanni a wata ƙaramar kwaleji a arewa maso gabashin Amurka, na fara tun ina ɗalibi ina riƙe kyamara a saman bencin 'yan kallo, daga baya na koma kan kwamfutar da take tura hoton, saboda haka daga wannan kujerar zan ba ka amsa. Mafi yawan abin da ka lissafa a cikin zauren wasan yake samo asali, tun kafin hoton ya kama hanyar Kano, kuma kai da kanka ka riga ka kama bakin zaren da ka lura cewa wasan gida daban yake fita, na waje daban.

Wane ne yake ɗaukar wasan

Wasannin kwalejoji a Amurka hawa-hawa ne. Tun 1973 NCAA, babbar hukumar da take kula da wasannin kwalejoji, ta kasa makarantunta rukuni uku: fiye da 350 a Rukuni na Ɗaya, kimanin 300 a na Biyu, fiye da 400 a na Uku, wanda shi ne mafi yawa kuma a cikinsa ba a ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa. A gefe guda akwai wata hukumar daban, NAIA, mai hedikwata a Kansas City, wadda take gudanar da gasarta ta ƙwallon kwando tun 1937, sannan akwai NJCAA ta kwalejojin shekara biyu. Idan Ba'amurke ya ce ƙaramar kwaleji, duk abin da yake ƙasa da Rukuni na Ɗaya yake nufi. Ƙanƙantar ta kuɗi ce da yawan 'yan kallo, domin a nan Scottie Pippen ya buga wa Central Arkansas, Ben Wallace ya buga wa Virginia Union, Duncan Robinson kuma ya yi shekararsa ta farko a Williams College kafin ya koma Michigan, dukansu kuwa daga baya sun yi suna a gasar ƙwararru ta NBA. Kai, makarantar da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a cikinta a 1891, wadda yanzu ake kira Springfield College, a Rukuni na Uku take.

Bambancin kuɗin ne ba ya misaltuwa. Ƙarin kwantiragin da gidajen talabijin na CBS da Turner suka sa wa hannu a 2016 domin nuna gasar ƙarshe ta maza a Rukuni na Ɗaya ya kai dala biliyan 8.8 na shekara takwas. Daga kuɗin shigar NCAA, kashi 4.37 cikin ɗari aka ware wa Rukuni na Biyu, kashi 3.18 kuma ga na Uku, kuma akasarinsa a shirya gasannin ƙarshe yake tafiya, wato kuɗin mota da jirgi da masauki. Wasan daren Laraba na tsakiyar kaka ba shi da rabo a ciki, kuma babu motar gidan talabijin da za ta tsaya a ƙofar zauren.

To, wa yake ɗauka? Makarantar da ake wasa a gidanta. Wannan ita ce al'ada kusan ko'ina, kuma ita ce amsar ɗaure kan da ka yi. Kowace makaranta tana da ofishin yaɗa labaran wasanni, wanda a ƙananan kwalejoji mutum ɗaya ne ko biyu suke riƙe da shi, suna kula da wasanni iri ashirin ko fiye: su rubuta rahoto, su riƙe ƙididdiga, su ɗauki hoto, su kula da shafin intanet, su kuma yaɗa wasa kai tsaye. Hannayen da suke taya su ɗalibai ne da ake biya gwargwadon awa. Kwalejin ƙanenka da alama ta yi dace da mai ofis da ya damu da aikin, ko kuma tana da sashen koyar da aikin jarida da yake ba da aron kaya da ɗalibai. Makarantar da suka je baƙunci tana iya kasancewa a gasa ɗaya da su, kuɗin makarantarta ma ya fi nasu, amma abin da ta tanada shi ne kyamara ɗaya da yaro ɗaya wanda bai taɓa kallon ƙwallon kwando ba sai ranar.

Lokacin shekara ma yana da tasiri, kuma 'yan kallo ba su cika lura da wannan ba. Kaka tana farawa a Nuwamba ta ƙare a Maris, amma daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu ɗalibai suna hutun hunturu, 'yan wasa kaɗai suke dawowa da wuri. A wannan tsakanin ne za ka ga makarantar da ta saba da kyamara uku da masu sharhi biyu ta koma kyamara ɗaya ba murya. Haka ranar Asabar da wasan maza da na mata da kokawa da ninkaya suka haɗu a yini ɗaya. Kayan kirki wuri ɗaya za su je, sauran su yi haƙuri da ragowa.

Abin da yake ɓata hoto a cikin zauren

Na farko shi ne wurin da aka kafa kyamara. Tsawon filin ƙafa 94 ne, kusan mita 29, kuma domin a gan shi yadda ya kamata sai kyamara ta tsaya daidai layin tsakiya, a sama, da ɗan nisa. Zaurukan ƙananan kwalejoji da yawa tsofaffi ne, bencinsu irin wanda ake janyowa daga bango ne, hawa takwas ko goma. Idan kyamara ta yi ƙasa, alƙalin wasa da bayan 'yan wasa za su riƙa tare maka kwando. Idan ta yi kusa, dole mai riƙe ta ya riƙa wurga ta hagu da dama kamar mai korar ƙuda, kuma wannan juyin shi ne babban makashin hoto, kamar yadda za ka gani nan gaba.

A zaurenmu a hawan ƙarshe na bencin muke kafa ƙafafun kyamarar. Wata rana a wasan hamayya zauren ya cika maƙil, ɗalibai suka shiga buga ƙafa a kan katako duk lokacin da baƙi za su yi jifan da ake bayarwa bayan keta. Ina riƙe da hannun kyamarar ina jin girgizar tana hawowa ta tafin ƙafata zuwa gwiwar hannu, a ƙaramin allon kuma kwandon yana rawa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Da aka tafi hutun rabin lokaci muka ɗauko buhunan yashi biyu da ake danne ragar wani wasan da su, muka ɗora a ƙafafun, muka ɗaure da salatif. Ya rage, amma bai daina ba, sai da aka kafa ɗan dandamali a jikin bango a shekarar da ta biyo baya. Duk wanda ya kalli wannan wasan daga nesa zai rantse intanet ɗinsa ne yake wasa da shi.

Na biyu haske. Ido yana yafe wa zaure mai duhu-duhu, kyamara ba ta yafewa. Idan haske ya yi kaɗan, kyamara takan ƙara wa kanta ƙarfin gani, sai hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi, ko kuma ta daɗe da buɗe ido a kowane hoto, sai duk abin da yake gudu ya ja wutsiya. Tsofaffin fitilun zaure suna da wata matsalar kuma: wutar lantarkin Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, fitilun suna ƙyaftawa sau 120, kuma idan ba a daidaita saurin kyamarar da wannan ba sai launin filin ya riƙa sauyawa daga rawaya zuwa kore-kore. Zauren da yake da manyan tagogi kuwa, a wasan rana hasken waje yakan rinjayi kyamara har 'yan wasa su koma inuwa. Makarantun da suka sauya zuwa sababbin fitilun LED hotonsu yakan gyaru ko da ba su taɓa kyamarar ba.

Na uku, kuma shi ne wanda ya fi buƙatar a tsaya a kansa, shi ne yawan bayanan da ake turawa. Hoton da kyamara ta ɗauka ya fi ƙarfin kowace hanyar intanet, saboda haka akwai na'ura ko manhaja, irin su OBS da vMix, da take matse shi kafin ta tura. Dabarar matsewar ita ce, maimakon a aika kowane hoto cikakke, sai a aika ɗaya cikakke, sannan a riƙa aika abin da ya sauya kawai. Mai karanta labarai da yake zaune a gaban bango ba ya cin komai, domin leɓensa kaɗai yake motsi. Ƙwallon kwando kuwa mutum goma ne suke gudu, ga ƙyallin katakon fili, ga 'yan kallo a baya, kuma da zarar kyamara ta juya, komai da yake cikin hoton ya sauya wuri a lokaci ɗaya. Idan adadin da aka ƙayyade wa na'urar bai isa ba, sai ta zubar da ƙananan bayanai domin ta cim ma lokaci, shi ya sa za ka ga hoto tangaran lokacin da aka tsayar da wasa, amma da an ɗauki ƙwallo a guje zuwa ɗaya kwandon sai fuskoki da lambobin riga su narke. Ƙungiya mai saurin wasa ta fi wahalar da na'urar. Kwalejin Grinnell ta jihar Iowa, wadda ta yi suna da salon matsa abokan karawa a ko'ina cikin fili da sauya 'yan wasa biyar-biyar, inda Jack Taylor ya ci maki 138 shi kaɗai a ranar 20 ga Nuwamba 2012 a wasan da aka tashi 179 da 104, irin wasanta ba ya barin kyamara ta huta ko na daƙiƙa biyar.

Mutane sukan duba lambar 720 ko 1080, wadda take nuna girman hoton, su yanke hukunci, alhali a wannan wasan yawan hotuna a daƙiƙa ya fi girman hoton muhimmanci. A ce an wurga ƙwallo tana tafiyar mita 10 a daƙiƙa. Idan hotuna 30 ake ɗauka a daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto ta yi tafiyar santimita 33, wato fiye da faɗinta, tunda faɗin ƙwallon kimanin santimita 24 ne, sai idonka ya ga tana tsalle-tsalle. Idan 60 ne, tafiyar ta ragu zuwa rabi, ido ya bi ta ba wahala. Ni a wurina 720 mai hotuna 60 da isassun bayanai ya fi 1080 mai hotuna 30 da aka shaƙe wa wuya, kuma na sha yin gardama a kan haka da masu son a rubuta babbar lamba a shafin makaranta.

Daga nan sai hanyar da hoton yake fita daga zauren. Abin da yaɗa wasa yake buƙata shi ne ƙarfin turawa, wanda ya bambanta da ƙarfin saukewa da aka saba aunawa. Idan kwamfutar tana kan waya ta jiki da aka keɓe mata, lafiya lau. Idan a kan Wi-Fi ɗin zauren take, to tana rabon hanya da wayoyin ɗaruruwan 'yan kallo, kuma daidai lokacin da wasa ya yi zafi, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka yana turawa, a lokacin ne hoton zai tsaya cak. Mun taɓa rasa minti huɗun ƙarshe na wani wasa saboda wani ya taka wayar intanet ya zare ta daga bango, kwamfutar ta koma Wi-Fi da kanta ba tare da kowa ya sani ba.

Kyamarar da ka ce tana barin ƙwallo a baya, abu biyu ne. Ko dai ɗalibi ne da hankalinsa ya rabu, ko kuma wanda bai san wasan ba, yana bin ƙwallo bayan ta tafi maimakon ya hango inda za ta; ko kuma babu mutum a wurin sam. Makarantu da yawa yanzu sun kafa kyamarori masu sarrafa kansu, irin na kamfanonin Hudl da Pixellot, waɗanda ake mannawa a bango, su ɗauki faɗin filin gaba ɗaya, manhaja ta riƙa yanko ɓangaren da take ganin wasa yake. Amfaninsu a fili yake, domin ba sa hutun hunturu, ba sa duba saƙo a waya, kuma saboda su ne ake nuna wasannin da a da ba wanda zai gani. Rauninsu shi ne doguwar jifa daga wannan kwando zuwa wancan takan riga su, kuma tunda yanko suke yi daga babban hoto, kusurwoyin nesa sukan fita da laushi. Masu kallon ƙwallon ƙafa za su tuna wasan da aka yi a Sikotilan a Oktoba 2020, inda irin wannan kyamara ta riƙa bin sanƙon mataimakin alƙali a maimakon ƙwallo. Za ka gane ta da cewa juyinta sumul ne ba gargada, ba ta taɓa matsowa kan fuskar ɗan wasa, kuma a lokacin hutu takan tsaya tana kallon fili ba kowa.

Rashin maki da agogo a kan hoto shi ne aibin da ni na fi ƙi, domin wasan ƙwallon kwando ba agogo kamar labari ne da aka yanke wa kai. Wasan maza rabi biyu ne na minti 20, na mata kashi huɗu na minti 10, kuma kowace ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta yi jifa, saboda haka wanda ba ya ganin lokaci ba zai fahimci abin da ya sa ake gaggawa ko ake jan ƙafa ba. Hanya mafi kyau ita ce a jona na'urar allon makin zauren da kwamfutar kai tsaye. Mai bi mata ita ce a saita ƙaramar kyamara a kan allon, a liƙa hotonsa a kusurwa. Mafi rauni ita ce a sa ɗalibi ya riƙa danna maki da hannu, kuma shi ne sanadin da za ka ga an jefa uku a jere lambar ba ta motsa ba. Sauti ma da dalilinsa: idan a YouTube ake yaɗawa, kiɗan da ake sawa a zaure lokacin hutu yana iya jawo matsalar haƙƙin mallaka, sai a kashe makirfo da gangan, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ake mantawa a kunna shi bayan an dawo wasa.

Yadda za ka gane naka ne ko nasu

Duk da haka sabis ɗinka ba shi da tsarki ɗari bisa ɗari, kuma akwai gwaji mai sauƙi. Ka dubi rubutun maki ko tambarin makaranta da yake kan hoton. Idan rubutun ya fito tar amma 'yan wasa sun narke, matsalar daga can take, haske ne ko ƙarancin bayanan da suke turawa. Idan rubutun da 'yan wasan duka sun yi hazo tare, sannan bayan ɗan lokaci suka washe tare, to manhajar ce ta ga hanyarka ta ƙuntata ta sauke ka zuwa ƙaramin mataki. Ka kuma buɗe wurin zaɓen ingancin hoto, domin lambar da take can sama ita ce iyakar abin da suka turo, kuma babu sabis ɗin da zai ba ka fiye da ita. Idan hoton ya tsaya yana juyawa, ka buɗe wani bidiyon na daban a daidai wannan matakin. In ya tafi sumul, ka wanke wayarka daga zargi. Gwajin da ya fi kowanne shi ne ka sake kallon wasan washegari, idan tangarɗar tana nan a minti ɗaya da inda ka gan ta da dare, daga zauren ta fito.

Batun biyan kuɗi

Shekaru da yawa kusan duk wasannin Rukuni na Uku kyauta ake kallonsu, na Rukuni na Biyu kuwa wasu gasannin sun daɗe da sa kuɗi. Makarantu a Amurka suna haɗuwa gungu-gungu, kowane gungu da gasarsa, kuma yawanci gungun ne yake ƙulla yarjejeniyar yaɗa wasanni a madadin makarantunsa. A 2023 gungun Landmark na Rukuni na Uku ya ƙulla da kamfanin FloSports, wanda sai ka yi rajista ka biya kake kallo, a 2024 kuma NEWMAC da SCIAC suka bi sahu, bayan wasu gungu na Rukuni na Biyu irin su Gulf South da South Atlantic da suka riga su. Abin ya jawo muhawara mai zafi tsakanin masu bin waɗannan wasanni. Masu goyon baya suna cewa kuɗin yana sayen kyamara da biyan ma'aikata. Masu adawa suna cewa 'yan kallon iyaye ne da 'yan'uwa waɗanda suka riga suka biya kuɗin makaranta, kuma makarantar da take neman a san ta bai kamata ta rufe ƙofa ba. Ni na fi karkata ga na biyun, amma na san abin da kuɗin sabuwar kyamara yake nufi ga ofishin da ya shekara biyar yana roƙonta.

Abin da ya shafe ka shi ne, kuɗin da ka biya na ƙofa ne. A mafi yawan irin waɗannan yarjejeniyoyi, makarantar da ake wasa a gidanta ce dai take ɗauka, da fitilunta da bencinta da ɗalibanta, kamfanin kuma ya karɓa ya rarraba. Yarjejeniyar takan ɗaga mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi, misali a wajabta nuna maki ko sa mai sharhi, wannan kuwa ci gaba ne, amma ba za ta mai da tsohon zaure ya zama na talabijin ba. Kafin ka biya ka buɗe jadawalin ƙungiyar ƙanenka ka ƙirga wasanni nawa ne suke bayan wannan ƙofar. Idan ɗaya ne ko biyu, a makarantun da ba gungunsu ɗaya ba, ka bar su ka bi ta ƙididdiga. Idan gungunsu ne gaba ɗaya ya shiga, ka yi rajistar wata-wata daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, ka tuna ka soke ta, domin irin wannan rajista sabunta kanta take yi. Ka tabbatar kuma ana iya kallo daga Najeriya kafin kuɗi su fita, domin wasu hanyoyin, kamar ESPN+, a cikin Amurka kaɗai suke aiki. Sau da yawa ya fi sauƙi ƙanen naka ya bincika daga can, ya kuma tambaya ko akwai rangwame ga ɗalibai da iyalansu.

Barci da data

A lokacin hunturu Najeriya da Nijar suna gaban gabashin Amurka da awa shida, saboda haka wasan ƙarfe 7 na yamma a can ƙarfe 1 na dare ne a Kano, ya ƙare wajen ƙarfe 3. Daga Lahadi ta biyu a watan Maris, da suka tura agogonsu gaba, tazarar takan koma awa biyar. Idan an haɗa wasan mata da na maza a dare ɗaya, na biyun ba ya farawa sai na farkon ya ƙare, don haka lokacin da aka rubuta ƙiyasi ne. Sa'arka ita ce gungu da yawa suna buga wasan Asabar da rana, kuma wasan ƙarfe 2 a can ƙarfe 8 ne a wurinka, bayan sallar isha'i, lokacin da dukan gida za su iya zama a kalla. Da ni ne, na Asabar zan riƙa kallo kai tsaye, na tsakiyar mako in bar shi sai da safe, tunda makarantu da yawa suna ajiye wasan a shafinsu, kuma a maimaici kana iya tsallake hutun rabin lokaci da duk tsaye-tsayen da suke mai da wasan minti 40 ya zama na kusan awa biyu.

Lissafin datar a fili yake. Hoton da yake zuwa da megabit 3 a daƙiƙa yana cin gigabayit 1.35 a awa, wato 2.7 a wasa ɗaya. Mai megabit 6 ya ninka haka. Idan ka sauka zuwa mai megabit 1, kamar yadda matakin 480 yakan kasance, wasan gaba ɗaya bai kai gigabayit ɗaya ba, kuma a fuskar waya bambancin bai taka kara ya karya ba. Kada ka bar manhajar ta zaɓa maka, ka saita matakin da hannunka, domin in ka bar ta, da ta ga hanya ta buɗe za ta haye sama ta zuƙe maka data a kan hoton da tun asali ba shi da kyau. A Rukuni na Uku wasannin kaka ba sa wuce 25 kafin gasannin ƙarshe, sai ka auna da aljihunka.

A daren da hoto ya ƙi, akwai shafin ƙididdiga na kai tsaye, wanda yake nuna kowace jifa da keta da sauyin ɗan wasa a rubuce, datar da yake ci kuwa ba ta kai a ambata ba. Mahaɗinsa yana kusa da na bidiyo a jadawalin makaranta, kuma ga Rukuni na Uku shafin D3hoops.com yana tara na dukan wasannin ranar wuri ɗaya, tare da jerin ƙungiyoyi 25 da suke kan gaba a kowane mako. Wasu makarantun suna da sharhin murya zalla, wanda awa biyunsa bai wuce 'yan megabayit ba. Sai dai ka kiyaye, ƙididdigar takan riga bidiyo da rabin minti ko fiye, saboda hoton sai an matse shi an yanka shi gunduwa-gunduwa kafin ya iso, don haka idan wasa ya zo ƙarshe maki suna kunnen doki, ka rufe ɗaya daga ciki.

Aikina a zaurukan Rukuni na Uku na yi shi, kuma a kwalejojin shekara biyu da na NAIA tazarar da take tsakanin mai kyau da maras kyau ta fi wannan faɗi. Yarjejeniyoyin yaɗawa ma suna sauyawa daga kaka zuwa kaka, saboda haka jadawalin makarantar na bana shi ne abin dogaro. Duk dabarun da na lissafa kuma ba za su dawo da jifar da kyamara ba ta ɗauka ba. A irin wannan sai ka nemi ƙanenka ya tambayi kocinsu, domin masu horarwa suna da nasu faifan na kowane wasa da suke nazari da shi, kuma ba wuya a yanko masa wuraren da ya buga ya turo maka.

Wani abin da 'yan kallo ba su cika yi ba shi ne rubuta wa ofishin yaɗa labaran wasannin, alhali adireshinsa yana shafin kowace makaranta. Mu da muke cikin zaure hoton da yake fita daga kyamara muke gani, ba wanda yake isa gidajen mutane ba, kuma mai ɗaki ma wani lokaci sai an nuna masa inda yake yoyo. Ƙaramar kyamarar da muka saita a kan allon makinmu, saƙon wani uba ne ya jawo ta, wanda ya rubuto daga wata ƙasa cikin ladabi cewa ya kalli ɗansa wasa shida bai taɓa sanin minti nawa ya rage ba. Mai ofishinmu ya buga saƙon a takarda ya kai wa shugaban sashen wasanni, cikin mako biyu aka saya. Idan za ka rubuta, ka faɗi daga inda kake kallo, ka ambaci ranar wasan da mintin da abin ya faru, ka nemi abu ɗaya tak, agogo ko sauti ko a bar maimaici a buɗe. Ka aika a watan Oktoba kafin kaka ta fara, lokacin da akwai sauran kuɗi a kasafi kuma mai ofishin yana da sararin karanta saƙo.